Sarƙe-haƙora: ciwon da ke riskar jariri dab da ranar suna

A shekarar 2016 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da cutar sarƙe-haƙora, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tetanos, a tsakanin mata masu haihuwa da jarirai sabbin haihuwa. Nasara ce ta gaske, kuma sai da aka yi shekaru ana bin mata ƙauye-ƙauye da allura kafin a kai gare ta. Sai dai wanda ya ji kalmar "kawarwa" ya ɗauka ciwon ya ƙare, to bai duba sharaɗin ba. A ma'aunin OMS, ana cewa ƙasa ta kawar da cutar idan a kowace gundumar lafiya jariran da ke kamuwa ba su kai 1 cikin 1,000 da aka haifa da rai a shekara ba. A Nijar kuwa ana haihuwar yara fiye da miliyan ɗaya duk shekara. Ko da kowace gunduma ta tsaya ƙasa da wannan layi, lissafin ya bar wuri ga ɗaruruwan jarirai. OMS da kanta ta yarda cewa yawancin jariran da ciwon ke kashewa a duniya ba sa shiga kowane rajista: a gida aka haife su, a gida suka rasu, wasu ko suna ba a kai ga raɗa musu ba.

An gama da agana a duniya tun 1980, ana kuma kan hanyar gamawa da shan inna, domin ƙwayoyinsu daga mutum zuwa mutum suke yawo. Ta sarƙe-haƙora ba haka take ba. Ƙwayar, mai suna Clostridium tetani, cikin ƙasa take zaune, da ƙura, da kashin shanu da dawaki da jakuna da awaki. Takan shige wani ɓawo mai tauri ta kwanta shekara da shekaru, zafin rana bai dame ta ba. Babu wanda ke ɗaukar ciwon daga wani, don haka rigakafin da ƴaƴan maƙwabta suka yi ba ya kare ɗanka ko kaɗan. Kowane yaro da tasa garkuwar.

Abin da ƙwayar ba ta so shi ne iska. Shi ya sa ta fi son rauni mai zurfi da ƙaramin baki, irin na ƙaya ko ƙusa, da kuma naman da ya mutu. Tsatsar da ake ɗora wa laifi ba ita ke kawo ciwon ba. Tsohuwar ƙusa dai ta daɗe a ƙasa ne, ta kwaso ƙwayar. A jikin jariri kuwa akwai wuri guda da ya cika duk sharuɗɗan nan: guntun cibiyar da ke bushewa kafin ta faɗi.

Kwana biyu lafiya, sannan ya ƙi nono

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, har likitoci suka mayar da shi ma'aunin gane ciwon. An haifi jariri lafiya, ya yi kuka, ya kama nono kwana biyu na farko babu matsala. Tsakanin kwana na 3 da na 28, galibi wajen kwana na bakwai, sai ya daina tsotso. Uwa ta kai masa nono, bakin ya ƙi buɗewa sosai. Fuska ta tattare, goshi ya yamutse, leɓe ya ja kamar mai yaƙe. Daga nan wuya ya sandare, ciki ya yi tauri kamar allo, hannaye su dunƙule, bayansa ya banƙare. Sai jikin ya riƙa fizga, ya lafa, ya sake fizga.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙwayar da ta samu wuri a cibiya tana fitar da dafi, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. Dafin yana bin jijiyoyi sannu a hankali har ya isa laka da ƙasan ƙwaƙwalwa. A can jiki yana da umarni iri biyu ga kowace tsoka, na kamawa da na saki. Dafin na saki yake toshewa. Kamar ɗan kabu-kabu ne da birkinsa ya tsinke a gangara, injin lafiya lau, tsayawar ce babu. Tsokar muƙamuƙi ce kan fara kamawa, daga nan sunan ciwon ya samo asali. Yaro kuwa yana cikin hayyacinsa, yana jin duk zafin. Wannan yana daga abin da ya raba shi da jijjigar zazzaɓin cizon sauro ko ta sanƙarau, inda sau da yawa yaro kan fita hayyacinsa.

Duk ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san abin da kwana bakwai ke nufi a gidan haihuwa. Gida cike yake, ga maroƙa, ga guɗa, ga ƴan barka kowa na son ya karɓi jariri ya gani. Ga mai sarƙe-haƙora kuwa ƙara da haske da taɓawa su ne ke tayar da fizgar. Kuma safiyar nan ce ta wanzami: aski, wani wuri tsaga, wani wuri cire beli. A nan ake yin kuskure mafi tsada. Jariri ya ƙi nono, sai a ce beli ne ya hana shi, a kira wanzami ya ƙara masa sabon rauni a maƙogwaro. Wasu su ce iska ce ko baki, a jiƙa magani ko rubutu a ɗura masa ta gefen baki. Yaron da haɗiya ta gagare shi, ruwan nan huhu yake zarcewa. Babu wanda ya hana addu'a, ana iya yin ta a bisa hanyar asibiti. Ɗurar ce ba ta da wuri.

Likitoci suna lura da abubuwa biyu don sanin nauyin ciwon: kwana nawa aka yi kafin alamar farko ta bayyana, da kuma awa nawa tsakanin alamar farko da fara fizga. Duk yadda lokacin ya gajarta, haka ciwon ke tsananta. Jaririn da ya sandare tun kafin ya cika mako yana cikin haɗari fiye da wanda abin ya same shi a mako na biyu. Inda babu kulawar asibiti, kusan duk jariran da suka kamu mutuwa suke yi.

Abin da asibiti ke iyawa, da abin da ba ya iyawa

Gaskiyar da ya kamata iyaye su sani tun daga ƙofa ita ce, babu maganin da ke ciro dafin da ya riga ya manne a jijiya. Sai jiki ya gyara wurin da kansa, kuma wannan aikin makonni ne, sau da yawa huɗu zuwa shida. Duk jinyar, ƙoƙari ne na hana sabon dafi ƙaruwa da kuma riƙe numfashin yaro har jikinsa ya gama gyaran.

Matakin farko allurar kashe dafi ce, wadda ke kama dafin da ke yawo cikin jini bai kai ga jijiya ba. Wadda aka fi so ita ce da aka tace daga jinin mutane, ana yin awo 500 sau ɗaya. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, don haka asibitoci da yawa a yankinmu suna amfani da ta jinin doki, wadda aka sani da SAT. Tana aiki, amma wasu jikinsu kan ƙi ta, shi ya sa ake yin ta gaban ma'aikacin da ke da kayan gaggawa a kusa. Kowace awa da aka ɓata a gida, wani kason dafin ne ya wuce inda allurar za ta iya cim masa.

Sai a koma kan tushen: a wanke cibiyar ko raunin, a cire mataccen nama da datti, a ba da maganin kashe ƙwayar ta jijiya, galibi metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, ko kuma penisilin, na tsawon mako guda ko fiye.

Daga nan aiki mai wuyar ya fara. Ana kwantar da yaron a ɗaki mai shiru da duhu-duhu, a rage taɓa shi iya yadda za a iya, a haɗa duk abin da za a yi masa a lokaci guda maimakon a yi ta tayar da shi. Ana ba shi diyazefam don sassauta tsoka, kuma awon da ake bukata yakan yi yawa. Matsalar ita ce maganin da ke kwantar da fizgar shi ne kuma ke rage ƙarfin numfashi. Ma'aikacin jinya yana tafiya ne a kan siraɗi: ya rage, fizga ta shaƙe yaro, ya ƙara, numfashi ya tsaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana kowa sayen ƙwayar a hannun ƴan tallan magani ya ba yaro a gida. Akwai kuma magniziyom, maganin nan da ake ba masu ciki idan jijjiga ta kama su, wanda ɗakunan haihuwa suka saba da shi. Wani babban gwaji da aka yi kan manya a asibitin cututtukan ƙasashe masu zafi na birnin Ho Chi Minh a Biyetnam, aka wallafa a 2006, ya nuna yana rage yawan sauran magungunan da ake bukata, ko da yake bai rage bukatar na'urar numfashi ba.

Abinci ta siririyar roba ake ba shi, daga hanci zuwa ciki. A nan uwa tana da aikin da babu mai yi mata: ta riƙa tatsar nono kowane awa biyu ko uku, dare da rana, don a zuba wa jaririn, don kuma kada nonon ya ƙafe kafin ya warke. Jikin da ke fizga yana ƙona abinci sosai, yaran nan suna ramewa da sauri.

Abin da ke kashewa a mafi yawan lokuta numfashi ne. Maƙogwaro ya shaƙe, ko tsokar ƙirji ta kama ta ƙi saki, ko majina da abinci su faɗa huhu. Inda ake da ɗakin kulawa ta musamman, ana iya sassauta jikin yaron gaba ɗaya a bar na'ura ta yi masa numfashi makonni, kuma a irin waɗannan wurare yawancin yara suna tashi. A ƙasarmu irin na'urorin nan kaɗan ne, kuma a manyan asibitocin birane suke. Abin da ya rage a sauran wurare shi ne iskar oksijin, da na'urar zuƙe majina, da jakar hura iska ta hannu, da ma'aikacin da idonsa ke kan yaron. Da waɗannan ma ana ceto rayuka. Don haka idan CSI ta ce a wuce asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta jiha, ba korar mutum aka yi ba. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a asibitocin gwamnati, amma duk wanda ya taɓa jinya ya san akwai kuɗin mota, da abincin mai jinya na wata guda, da takardar maganin da za a ce a sayo a waje idan ya yanke.

Wani abin mamaki: yaron da ya warke bai samu garkuwa ba. Dafin da ya kusa kashe shi bai kai yawan da jiki zai koyi gane shi ba. Dole a yi masa rigakafi kamar kowa, ita ma uwar a yi mata, in ba haka ba ƙaninsa na iya faɗawa ramin da ya fito.

Idan jaririn bai sandare ba, amma leɓensa ya canza

Ba duk jaririn da ya kasa shan nono a makon farko ne ke da sarƙe-haƙora ba. Mafi yawa ma wata ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika maganarsa ba a nan: waɗanda aka haifa da hanyoyin jinin huhu a haɗe ba daidai ba.

A ƙa'ida, jini yana zuwa huhu ya ɗauko oksijin, ya dawo ta hanyoyi huɗu zuwa ɓangaren hagu na zuciya, daga nan a tura shi jiki. A wasu jarirai hanyoyin nan huɗu sun ɓace hanya tun a ciki, suna juyewa a ɓangaren dama. Jinin mai oksijin sai ya gauraya da wanda aka gama amfani da shi ya sake komawa huhu, abin da ke isa jiki sai wanda ya tsallaka ta wata ƴar ƙofa da ke tsakanin ɗakunan zuciya. Ba ciwo ne mai yawa ba. Ƙiyasin Amurka ya nuna kusan jariri ɗaya cikin 8,000. Amma idan aka haɗa duk nau'o'in ciwon zuciya na haihuwa, kusan jariri ɗaya ne cikin 100 a ko'ina a duniya.

Bambancin yana ganuwa ga mai lura. Wannan jaririn jikinsa a sake yake, bakinsa yana buɗewa, yana son nonon, yana kamawa, amma sai ya yi haki, ya yi gumi, ya saki don gajiya. Numfashinsa da sauri yake ko yana barci. A fatarmu launin shuɗi ba ya fitowa fili, don haka harshe da dasashi da cikin leɓe ake dubawa, a ga sun yi duhu ko toka-toka. Mai sarƙe-haƙora ma leɓensa kan canza, amma lokacin fizga ne, idan ta lafa ya dawo. Ƴar na'urar da ake maƙala wa a hannu ko ƙafa don auna oksijin tana nuna matsalar cikin minti guda, eko na zuciya kuma, irin hoton da mata suka sani a awon ciki, shi ke tabbatarwa. Maganinsa tiyata ce, a mayar da hanyoyin inda ya kamata, kuma idan hanyar ta matse, tiyatar ta gaggawa ce. A Afirka ta Yamma cibiyoyin da ke irin wannan aiki ga yara ƴan kaɗan ne, irin su Cuomo a Dakar da André Festoc a Bamako.

Akwai wani nau'in da kan ɓoye har yaro ya girma, inda hanyar da ke kai jini huhu ta haɗe kai tsaye da mai dawo da shi, jinin ya wuce bai ɗauki oksijin ba. Yaron kan gaji da wuri a wajen wasa, kan yatsunsa su kumbura kamar gulan ganga, sau da yawa kuma a tarar da yawan haɓo a dangi. Irin wannan yaro yakan sha maganin tari da na asma shekaru kafin wani ya auna masa oksijin.

Yara maza, da ƙaya, da kaciya

Takardar 2016 ta mata da jarirai ce. Ba ta ce komai ba kan ɗan shekara takwas da ke kiwo babu takalmi, ko almajirin da kwalba ta yanke, ko yarinyar da kunnenta ya shekara yana ruwa ana cusa masa magani da tsinke. Kunne mai ruwa ƙofa ce sananniya ta sarƙe-haƙora a yara, haka ma ƙuna, da allurar da aka yi a shago da kayan da ba su da tsabta.

Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 tana ɗauke da rigakafin tetanos, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. OMS ta ba da shawarar ƙarin allura uku: tsakanin wata 12 da 23, tsakanin shekara 4 da 7, sai tsakanin 9 da 15. Ƙasashen Afirka da yawa ba su kai ga yi wa duk yara waɗannan ba. Mace tana samun wata dama idan ta fara zuwa awon ciki. Namiji kuwa, in ba rauni ya kai shi asibiti ba, yana iya tsufa da allurar da aka yi masa yana ɗan wata uku. An ga sakamakon wannan giɓi a gabashi da kudancin Afirka, inda aka samu samari da suka kamu da tetanos bayan kaciya, wasu suka mutu, har OMS ta sake duba ƙa'idojinta a 2016. A wajenmu da ake yi wa yara kaciya rukuni-rukuni lokacin sanyi, suna zaune a ƙasa ana barbaɗa wa raunin magani, tambayar allura kafin ranar ba ƙaramar tambaya ba ce.

A nan ne ake yawan rikita SAT da VAT. SAT garkuwar aro ce, tana aiki nan take, ta ɓace cikin ƴan makonni. VAT, wadda yanzu ake bayarwa haɗe da ta mashaƙo da sunan Td, ita ke koya wa jiki ya yi tasa garkuwar, amma tana bukatar lokaci da maimaitawa. Wanda ƙusa ta soke aka yi masa SAT ya tafi, bai yi rigakafi ba. Ƙusa ta gaba za ta same shi yadda ta farko ta same shi.

Garkuwar da ake ba jariri tun yana ciki

Tun 1961 wani bincike a tsibirin Niyu Gini ya nuna cewa idan aka yi wa mai ciki allura, garkuwarta tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan. A kan wannan aka gina duk nasarar da aka samu: jarirai kimanin 787,000 ciwon ya kashe a duniya a 1988, a 2018 kuwa kimanin 25,000. Allura biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa, suna kare jaririn wannan cikin. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara, biyar ɗin suna kare mace duk tsawon shekarun haihuwarta.

Sauran aikin na ranar haihuwa ne: hannu wankakke, sabuwar reza daga cikin takardarta, zare mai tsabta. Bayan nan a bar cibiya ta bushe. Toka, man shanu, gishiri, man goge baki, garin magani, gashi da tsumman da aka ɗauko daga ƙasa, duk hanyoyi ne na kai ƙwayar inda take so. Inda ma'aikatan lafiya suka ba da maganin kuloheksidin na cibiya, shi kaɗai za a shafa, kuma a yi hattara, wasu kwalabensa sun yi kama da maganin ido, an kuma samu jarirai a ƙasashen Afirka da suka rasa gani saboda an ɗiga musu shi a ido.

Ƴan uwanmu da ke Libiya da Aljeriya da Abijan da Legas, waɗanda haihuwa kan riske su ta saƙon murya a WhatsApp, sun saba tura kuɗin rago da na turamen mai jego. Da wuya a ji wanda ya ce a ɗauko masa hoton karnen awo ya ga ko an rubuta Td sau biyu, alhali ita allurar kyauta ce, kuɗin zuwa CSI kawai take ci. Ga mazauna bakin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Magarya zuwa Birnin Ƙonni, akwai ƙarin dalili: har zuwa 2024 Najeriya tana cikin ƴan ƙasashen da ba a tabbatar sun kawar da cutar a duk faɗinsu ba, kuma aure da goyon ciki ba su san iyaka ba. Mace kan fara awo a wannan gefe, ta tafi haihuwa gidan iyayenta a wancan, karnen ya zauna cikin akwati. Idan an samu tsaiko tsakanin allurai, ko na shekaru ne, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, muddin akwai takardar da ta nuna inda aka tsaya.